Ramin da Ya Hana Ni Zuwa Sunan ’Yata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ramin nan na goma sha ɗaya ba.

Lokacin ina aiki a wata mahaƙar zinariya, can ƙarƙashin ƙasa. Aikinmu ɗinke dutse: a huda rufin, a zura murɗaɗɗiyar igiyar ƙarfe mai tsawo, a tura mata siminti har ramin ya cika, ta riƙe dutsen da ke bisa kawunanmu. Shaidar cika ɗaya ce, simintin ya dawo ta wani siririn tiyo da ke leƙowa waje.

Ranar kuwa jajibirin sunan ’yata ta fari ne a unguwar Maamobi da ke Accra, motar Accra ta ƙarshe kuma ƙarfe huɗu take tashi. Ramuka goma suka cika lafiya. Na sha ɗayan ya yi ta shan siminti kamar baƙon da aka ce wa gida nasa ne.

Na ce da shugabanmu, wani dattijo ɗan arewa mai tsadar magana, “Baba, ai ya ƙoshi. Mu rufe.”

Ya ce, “Shi ya gaya maka?”

“Baba, gobe suna fa!”

“Kana so ta san sunanta kaɗai, ko har da fuskar ubanta?”

Na ci gaba da tura siminti. Ni da takardar makarantar koyon sana’a, shi ko sa hannu da babban yatsa yake yi. Sai da muka ƙara buhu shida tiyon ya tofo, ashe tsaga ce a cikin dutsen take shanyewa.

Motar ta wuce ni, na isa Maamobi washegari da azahar, an kwashe kujeru, ko ƙashin ragon ban tarar ba. Gwaggona ta ce, “Sannu da zuwa, maƙwabci. Uban ’yar bai zo ba.” Wata biyu ina gaida dattijon da baki kawai.

Rannan muna cin abinci daidai ƙarƙashin ramin nan na sha ɗaya, sai rufin ya yi ƙara kamar an karya katako. Ƙura ta lafa, muka ɗaga fitila. Falalen dutse da ya kai girman motar haya ta tirotiro ya ɓalle, ya sauko taki ɗaya, ya tsaya a rataye jikin igiyoyin. Muka fice a guje, mu bakwai, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

A waje dattijon ya dube ni ya ce, “Ya mai jego?”

Yanzu yarinyar tana aji shida, kuma har gobe gwaggo maƙwabci take ce mini. Ina amsawa da murna. Tun ranar na koyi cewa aiki ba ya ƙarewa don ina sauri, sai ya nuna da kansa ya cika.