Karan Dawa a Hannun Garba

Ba na jin za ni taɓa mantawa da ranar da na dawo daga Maraɗi na iske hannun Garba ɗaure da roba. Ku sababbin shiga ku buɗe kunne, don na ga wasunku sun fara fizgar yatsunsu da ƙarfi wai su buɗe.

Lokacin ni ne mai jitar gaba a wata ƙungiyar kiɗa a garin Isa, ina shekara ta tara a cikinta. Ga wanda bai san tsarinmu ba, akwai shugaba, shi ke karɓar gayyata, shi ke cewa wane ya hau wane ya sauka. Sai mai jitar gaba da ke jan waƙa, sai mai jitar baya da ke riƙe masa ƙasa, sannan masu kalangu da 'yan amshi. Sabon shiga wata uku yake yi yana koyo, sannan ya buga gaban shugaba. In ya ci an ɗauke shi, in ya faɗi sai baɗi.

Shugabanmu Baba Tukur makaɗin kalangu ne, kuma gwani, ba za ni hana shi wannan ba. Amma jita? Ko rungumarta bai iya ba.

Garba manomi ne daga Kamarawa, magidanci mai ɗiya uku. Bayan kaka ya zo, anka ba ni shi. Kunne gare shi, Allah ya sani, sau ɗaya zai ji kiɗa ya riƙe. Matsalarsa ƙaramin yatsan hagu. Mu da yatsun dama muke tsinkar tsirkiya ɗai-ɗai, na hagu kuma su danne ta a wuyan jita, tsakanin ƙarafan nan da muke kira gidaje. Akwai kamun da sai manuni ya danne gidan farko, ƙaramin yatsa ya miƙa har gida na huɗu. Hannun da ya shekara ashirin yana noma ya saba dunƙulewa, sai yatsan ya tsaya a hanya yana rawa, tsirkiya ta yi ta zuzu.

Na ɗora shi a kan yadda anka koya mani. Mu fara daga ƙasan wuya, inda gidajen suke matse. Babban yatsa ya koma bayan wuya, kada ya leƙo. Minti goma da safe, minti goma da la'asar, kuma da ya ji zafi ya aje. Duk mako mu hau gida ɗaya. Cikin mako shida ƙaramin yatsan yana kai gida na uku lafiya lau, yana dariya yana cewa, "Malam Isuhu, autan nan ya fara jin magana."

Sai mai jitar bayanmu ya tafi cin rani, ga kuma gayyatar biki a Sabon Birni saura mako biyu. Baba Tukur ya ce Garba zai hau. Na ce, "Baba, bai kai ba. A ba ni wata guda." Ya ce, "Kai dai ka cika lallashi." Washegari ya aike ni Maraɗi sayen tsirkiya, na yi kwana biyar.

Ran Alhamis da hantsi na shigo rumfar da muke gwaji. Garba na zaune, ya aje hannu bisa cinya yana zufa. Guntun karan dawa ne anka cusa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, anka naɗe da robar tayar keke. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi.

Na ce, "Innalillahi! Wa ya yi maka wanga aiki?"

Baba Tukur ya amsa daga kan tabarma, yana ɓare goro. "Ni ne. Fata ce, Isuhu. Shekara arba'in ina jan fatar kalangu. In ka jiƙa ta da ruwan zafi ka ja, dole ta bi. Kullum ƙara masa tsawon karan nake."

Wallahi idona ya rufe. Na ce, "Baba, fatar kalangu ta matacciyar akuya ce! Wannan mutum ne da ransa!"

Na yanke robar, na tambayi Garba mi ya hana shi kwancewa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, cewa ya yi in na kwance in koma gida. Ya ce zafin shi ne alamar yana buɗewa." Wannan maganar ta fi kumburin ƙona mani rai. Mutum bakwai ke rumfar nan kwana huɗu suna kallo, ba wanda ya buɗe baki, don shugaba ne.

Na ɗauke shi a babur zuwa asibiti. Anka duba anka ce jijiya ta taɓu, wataƙila yatsan ba zai sake lanƙwasuwa ba. Haka kuwa anka yi. Kumburi ya saɓe, yatsa ya sandare, ya karkace gefe.

Garba ya ce ya haƙura da jita. Na ce bai isa ba. Munka koma farko da yatsu uku. Na sassauta tsirkiya ɗaya don sautin da yake nema ya matso kusa, na koya masa zame hannu da sauri a inda wasu ke miƙa yatsa. Wata biyar munka yi. Ya buga gaban shugaba, ya ci.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma wata shekara, a wani biki a Sabon Birni bayan la'asar, Garba ya yi kiɗan da mutane sunka miƙe tsaye. Sai Baba Tukur ya karɓi lasifika ya ce, "Wanga da kuke gani, ni na gyara hannunsa, da karan dawa kawai!" Anka tafa. Ina tsaye na ji wasu samari biyu masu son koyo suna tambayar wani mai kalangunmu tsawon karan da ake sawa.

Ban san lokacin da na fizge lasifikar ba. Na ce, "Garba, ɗaga hannunka." Ya ɗaga. Na ce, "Dunƙule shi." Yatsu sunka rufe, ƙaramin ya tsaya shi kaɗai a karkace. Na ce, "Jama'a, ga abin da kara ya yi. Kiɗan da kunka ji kuwa, haƙurinsa ne ya yi shi." A ranar Baba Tukur ya sallame ni daga ƙungiya, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu mutane sun fi yarda da azaba bisa ga haƙuri, kuma in babba ya yi ɓarna kowa sai ya kau da kai. Yatsa ba a tilasta shi. Ku ba shi minti goma da watanninsa, in ya yi zafi ku aje jita, ko wa ya ce ku ci gaba. Garba har yau yana kiɗa, ya ma fi ni. Amma ku lura da shi in zai yi alwala: duk sanda ya ɗebi ruwa da hannu biyu, kafin ya kai fuska rabi ya zube ta gefen hagu.