Kujerar Mai Ci a Shagon Baffa Lawali

Shekaru sun ja, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata ɗari bisa ɗari ba, don haka mai karatu ya ɗauki wasu abubuwan da zan faɗa da taka-tsantsan. Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne wata ranar Alhamis da la'asar, a damanar shekarar da wayar salula ta iso Tambuwal, ina aji ɗaya na sakandare. Mu bakwai ne ko takwas cunkushe a shagon Baffa Lawali, ƙanen mahaifina, ƙafafunmu duk taɓon gona, janareto na ta kuka a bayan katanga. A gaban kwamfuta akwai kujera ɗaya da turmi kife. Sa'adu na kan kujera, ni ina kan turmi, kuma ya zura mini ƙwallo ta huɗu ke nan a wasan kwamfutar. Ya juyo yana dariya ya ce, "Tashi, bawana, ba mutane wuri." A ranar na fara zarginsa.

Sa'adu ɗan Gwaggo Hajo ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Fakku, can ƙasar Kebbe. Abokin wasana ne ke nan, yana da ikon ya kira ni bawa, ni ma in rama. An kawo shi gidanmu ne domin ya yi sakandare, kuma kowa ya san zamansa ya rataya ne a kan yardar mahaifina, wanda muke ce wa Malam, mutum mai karantar da manya a zaure, wanda ba ya son ko ƙishin-ƙishin na abin kunya a gidansa. Tare muke jan ruwa a rijiya da safe, tare muke yanko wa tumaki ciyawa, ranar da babu makaranta mu bi manya noman gero. Ya fi ni ƙarfin fartanya, na fi shi lissafi, kuma kafin zuwan kwamfutar ban tuna mun taɓa yin faɗan da ya kwana ba.

Kwamfutar tsohuwa ce, Baffa ya zo da ita daga Sakkwato bayan wani kwas na malamai. Kusan duk wanda ke da kwamfuta a lokacin yana ɗora mata manhajar nan ta kuɗi da kowa ya sani, amma kwafin sata da ake sayarwa a kasuwa. Baffa ya ce shi ba zai ci haƙƙin mutane ba ko da ba su san da shi ba. Sai ya ɗora wata manhaja ta kyauta, wadda masu ita suka yafe wa kowa ya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara in ya iya. Idan ta tashi takan nuna wani tsuntsu mai ƙiba a zaune, mu da ba mu san tsuntsayen ƙasar ƙanƙara ba muka sa masa suna agwagwa. Da muka dame shi da roƙo, ya sayo mana faifan wasan ƙwallon ƙafa na asali, cikin kwalinsa. Faifan ya ƙi tashi. A bayan kwalin an jera irin kwamfutocin da aka yi wasan dominsu, tamu ba ta ciki. Baffa ya aika wa kamfanin saƙo daga wani shagon intanet a Sakkwato, kuma kamar yadda ya gaya mana, suka amsa cikin ladabi cewa ba su da hannu a kan irin manhajarsa. Bai haƙura ba. Ya samo wata ƙaramar manhaja da ya kira tafinta, wadda ke shiga tsakanin wasan da kwamfutar tana fassara wa kowa maganar ɗan'uwansa. Bayan mako biyu yana fama, wasan ya tashi, amma da ɗingishi. Ciyawar filin takan rikiɗe ta koma shuɗiya, 'yan wasa wani lokaci ba su da fuska, muryar mai sharhi tana sarƙewa kamar mai in'ina. Mu dai ba mu damu ba, a unguwarmu babu mai irinsa.

Abin bugawa guda biyu ne, muna ce musu hannu. Na dama wayarsa gajera ce, sai daga kan kujera ake riƙe shi, na hagu kuma an yi masa ƙari da wani mahaɗi, yana kaiwa har turmi. Dokar wasan ba mu muka ƙirƙira ba, daga wurin dattawan da ke dara a gindin dalbejiyar ƙofar gida muka ɗauko ta: mai ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Ranar farko aka yi ƙuri'a da tsinke, kujera ta faɗo kan Sa'adu, ya ci. Washegari ya ce ai jiya shi ke bisa, ya koma. Haka aka yi ta yi har gero ya fitar da kai, babu wanda ya taɓa tayar da shi.

Yaron da bai taɓa ganin kwamfuta ba sai a shagon Baffa, yaya za a yi ya gagari kowa? Wannan tambaya ce ta hana ni sukuni. Na lura in na danna, ɗan wasana yakan yi jinkiri kamar an riƙe masa ƙafa, nasa kuwa kamar ya san abin da ke ransa. Na fara sa masa ido. Na ga yakan motsa baki kafin a fara. Na ga yakan shafa aljihun rigarsa. Sauran yara suka ɗauki maganar, wani ya ce, "Mutanen daji fa ba a raba su da ƙulle-ƙulle, wanga abu ba banza ba." Sa'adu ya ji, ya mayar da abin wasa, yakan hura iska a tafin hannunsa ya shafa wa allon kwamfutar don ya ba mu haushi. Yanzu na gane tsokana ce irin ta abokin wasa. A lokacin kuwa shaida na ɗauke ta.

Wata safiya da ya tafi kai wa masu noma fura, na buɗe jakarsa. A ƙarƙashin littattafai na sami wani ɗan ƙunshi da aka ɗinke da jar fata. Ban tsaya tunani ba na kai wa Malam a zaure, a gaban ɗalibansa, na ce Sa'adu na yi mana asiri. Malam bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kira shi, ya warware ɗinkin da reza a gaban kowa. Takarda ce da addu'ar neman buɗin karatu, da rubutun mahaifin Sa'adu. Malam ya karanta, ya ninke, ya miƙa masa, sannan ya dube ni ya ce, "Wa ya ba ka izinin taɓa kayan baƙo?" Na sha bulala, kuma na cancanta. Amma kalmar baƙo ce na ga ta sauka a fuskar Sa'adu, shi da ya ɗauki kansa ɗan gida. Ga shi kuma manyan mutane sun ji an haɗa sunansa da asiri, kuma irin wannan magana ba ta komawa inda ta fito. A makaranta aka fara kiransa boka. Ya daina shiga shagon. Da aka yi hutu ya tafi Fakku, ya ce wa Gwaggo ba zai dawo ba. Malam ya aika sau biyu, bai zo ba. Na ji an ce ya ɗan taɓa karatu a Kebbe daga baya, ban tabbatar ba, abin da na sani shi ne bai gama ba.

Bayan tafiyarsa aka sake ƙuri'a, kujera ta faɗo kaina. Tun dannawar farko na ji bambancin a yatsuna. Ɗan wasana yana juyawa kafin in gama tunani, wanda ke kan turmi kuwa yana ta ƙorafin an riƙe masa ƙafa. Na ci wasa goma a jere. Na san abin da hakan ke nufi, ko kuma in ce na kusa sani, amma ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da zama. Sai da na karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a na iya sa wa abin suna: saƙon hannun hagu yana bi ta mahaɗi, sannan ta tafinta, yana isa a makare da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a ƙwallo wannan ya isa. Ba zan rantse ba, domin kwamfutar ta daɗe da mutuwa, babu yadda zan gwada. Mai yiwuwa kuma Sa'adu ya fi mu iyawa ne, ban cire wannan ba.

Yau irin manhajar Baffa ce a kwamfutar ofishina, kuma wasanni da yawa suna tashi a kanta lafiya lau, wasu kuma har yanzu masu su ba su waiwaye ta ba. 'Ya'yana kowa da wayarsa, kowa a kusurwarsa, babu turmi, babu layin jira, babu wanda zai zargi wani. Ina kewar cunkoson nan da warin taɓo, ko da yake na san abin da ya fito daga cikinsa. Sa'adu yana noma da fataucin hatsi, muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana ce mini bawana, ina dariya, maganar kujera ba ta taɓa tasowa ba.

Waɗanda suka zauna a shagon nan suna da rai, in na yi kuskure a wani wuri ina roƙon su aiko mini da gyara, musamman wanda ya taɓa riƙe hannun hagu. Akwai mutum ɗaya a Fakku da gyaransa ya fi na kowa nauyi a wurina, shi kuwa ban san ko zai karanta ba.