'Ya'yan Kaza a Idon Sada

A Gubuchi, idan ana gardamar lokacin shuka, wurin Sada ake zuwa a raba. Ba malami ba ne, manomin rake ne mai ɗan gajeren haƙuri, amma Allah ya ba shi ido. Kaza yake kallo, taurarin nan da suke curewa wuri guda kamar uwa da 'yan tsakinta. Idan bazara ta yi nisa, ya ga Kaza ta sunkuya yamma da magariba tana shirin ɓuya, sai ya ce a gyara iri. A wurin mahaifinsa ya koya, kafin tsohon ya makance ya ƙare rayuwarsa a zaure da sanda a gefensa. Sada ba ya son a yi zancen wannan sanda. Ran da aka binne tsohon, Sada ya ce wa matarsa Hajo ta sa sandar a murhu.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, ya lura ɗa guda ya ɓace daga cikin 'ya'yan Kaza. Ya murza ido, ya ce hayaƙin girki ne. Da shekara ta zagayo, wani ma ya bi. Bai gaya wa kowa ba, sai dai abinci ya daina yi masa daɗi.

A lokacin ne aka turo Malam Ilisha, mutumin kudancin Zazzau, ya buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin rimin kasuwa. Mutum ne mai son bayani, ko gaisuwa ka yi masa sai ka tafi da darasi. Wata magariba, bayan an tashi aji, ya nuna wa dattawa farin zanen nan da yake ratsa sama kamar an zubar da gari. Ya ce taurari ne jingim, nisa ya sa suka haɗe, kuma ranarmu ma tauraruwa ce a cikinsu. Ya ce akwai irin wannan taro da yawa can gaba, inda ido ba ya kaiwa. Dattawa suka yi ta salati. Sai ya ƙara da cewa taurari ma suna tsufa, suna mutuwa.

Sada ya matso har yana taka tabarmar wani.

"Malam, ka ce mutuwa suke yi?"

"Suna mutuwa, Baba. Sai dai abin yana ɗaukar zamani mai tsawon gaske, ba a rayuwar..."

Sada bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya sami abin da yake nema. Ya koma gida yana fara'a, ya cinye tuwonsa tas, ya ce wa Hajo ashe 'ya'yan Kaza ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai ilimin boko ma ya tabbatar. Abin tausayi, ya gwammace sama ta lalace da a ce idonsa ne.

Hajo ta ce, "Allah ya kyauta." Daga ranar ta daina barin turmi a tsakar gida, ta kwashe duwatsun da ke hanyar rijiya.

Malam Ilisha ya so ya gyara maganar, ya ce wa Sada a je asibiti a Zariya a duba idonsa. Sada ya ce shi da ya zo koya wa mutane baƙi, me ya haɗa shi da idon wani? Suka daina gaisawa sosai. Mutanen gari kuwa suka ci gaba da zuwa wurin Sada tambayar lokacin shuka don kunya, su fita su tambayi wani. Sada ya fara sare rake ɗanye yana barin wanda ya nuna. Yana cewa rana ma ta rage haske, ai ita ma tauraruwa ce, tsufa ya kama ta.

Wata bazara, bayan sallar magariba, ya tsaya a bakin danga ya fuskanci yamma. Ya daɗe a tsaye. Babu uwa, babu 'ya'ya, sai wani toka-toka. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ji motsin Hajo a bayansa tana kwashe kwanuka.

"Hajo, zo ki duba mini. Saura nawa?"

Ta ajiye kwanukan. Shekaru tana amsa wannan tambaya da ƙarya, yau kuwa muryarsa ba ta mai son ƙarya ba ce.

"Suna nan duka, Malam. Ko ɗaya bai mutu ba."

Can aka ji akuya tana kuka a maƙwabta. Sada ya dafa danga, ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton tana tsaye, ya kuskure ta kaɗan.

"Sandar Baba, kin ƙona ta?"

"Tana bayan rumbu."

"To, ɗauko mini."