Gurabe da Suka Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Ko da zan manta komai na shekarun jami'a a Gadarif ta ƙasar Sudan, ranar da wata 'yar ajinmu ta kare aikinta na ƙarshe a gaban malamai ba za ta fita daga raina ba. Farkon ganina da ita a ɗakin kwamfuta ne. Tana tsaye gaban allo cikin tob, lafayar matan can, mai launin karkade wato zoɓo, tana zana akwatuna a jere. Ni da na cika kaina da littattafan soyayya na kasuwa, nan take na ce ga tauraruwar labarina.

Manhaja take rubutawa don gonakin yankin Simsim, inda ma'aikata ke tururuwa lokacin yankan riɗi, su watse bayan kaka. Kowane ma'aikaci da gurbinsa a jeri guda. In jerin ya cika, sai manhajar ta buɗe sabo mai ninkin girmansa, ta kwashe kowa zuwa can. In mutane suka ragu zuwa rabi, sai ta rage shi rabi.

"Ya zol, kai mutumina, dubi tsafta," ta ce mini tana dariya. "Ba gurbi ɗaya da ke zaman banza."

"Kamar ɗakin amarya," na ce.

"Kai dai ba ka da aiki sai mafarki."

Yayanta ya riga ya faɗa mata cewa bana ce shekararta ta ƙarshe, domin gidansu zai koma Showak. In ta ci, akwai aiki a nan gari, ta zauna. In ta faɗi, ta bi su.

Ranar kare aikin, ustaz, malamin da ke dubawa, ya cika jerin maƙil da sunaye masu yawa, sannan ya sa na'urar ta riƙa ƙara mutum ɗaya tana cire shi, ba tsayawa. Ƙara ɗaya, jerin ya ninka. Cire ɗaya, ya koma rabi. Kowane karo sai an kwashe kowa daga farko. Tsohuwar kwamfutar ta yi ta gurnani, daga baya ta tsaya cak.

"Ma'alesh, ya binti, yi haƙuri 'yata," ustaz ya ce a hankali. "Ba a ragewa a rabi. Ana jira sai ya sauka zuwa kwata."

Ta ce, "Kwata kawai?" Ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafin tob ɗinta ta fita, ni kuwa duk kalaman littattafan da na haddace suka guje mini. Da sakamako ya fito ta faɗi, ta bi 'yan gidansu Showak.

Tun daga ranar na koyi cewa wurin da ya zauna fanko ba asara ba ne, shi ne hutun abin da ke shiga yana fita. Bara na ratsa garin Showak, na hange ta a tashar mota tana sayar da shayi. Ta gane ni, ta zuba mini kofi, ta tambayi mahaifiyata. Ba ta tambayi kwamfuta ba.