Ba a Sauka a Tsakiyar Kogi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mamman Na-Gaya makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in kama bakina, amma abin da na gani a makon jiya ya hana ni.

Mamman ɗan Sarkawa ne, masuntan bakin Kwara. Mun yi shekaru muna jiran fasinja tare a filin jirgin sama na JFK, kowa da motarsa. Abin da ya zo da shi daga gida bai wuce filafilin da mahaifinsa ke tuƙa kwale-kwale da shi ba, wanda ya rataye a bangon falonsu a unguwar Mount Hope. Da ɗansa Habibu ya shiga ƙungiyar masu tseren kwale-kwale a Kogin Harlem, majalisarmu ta samu abin dariya. Ana cewa mutum ya tsallako teku don ya mai da ɗansa ɗan fito. Mamman sai ya yi murmushi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi ma da farko tuƙin bai yi masa ba. Ya raka ni bakin kogin wata Lahadi yana mita: "Malam Isa, dubi wannan shirme. Ƙarti takwas sun juya wa inda za su baya, wani ɗan tsurut a ƙarshen jirgi yana yi musu ihu!" Amma da ya daɗe yana kallo sai ya daina mita. Ya nuna mini cewa kowannensu filafili ɗaya ke hannunsa, huɗu ta dama, huɗu ta hagu. In ɗaya ya saki nasa, jirgin sai ya karkace, wahalar sauran ta tashi a banza. Ya ce, "Ashe dai sun san ruwa."

Lokacin da ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti, Habibu yana wata jiha da kwale-kwalen jami'arsu, ana gab da tseren da ake zaɓen waɗanda za a ɗauka horon tawagar ƙasa. Na ciro waya zan kira shi, Mamman ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kada ka kira. Akwai 'ya'yan mutane bakwai a jirgin nan tare da shi. A gidanmu ba a sauka a tsakiyar kogi." Na ce, "Na-Gaya, wannan ba Kwara ba ce." Ya ce, "Ruwa ruwa ne. Ka yi mini alkawari." Na yi, uwar yaron ma ta yi tana kuka. Ya cika da safe, aka yi masa sutura, muka kai shi. Sai da tsere ya ƙare na kira Habibu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Habibu ya iso wurin zaman makoki idonsa jawur, ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji Sale, shugaban ƙungiyarmu, hannu. Alhaji ya janye nasa a gaban jama'a, ya ce, "Koma wa kwale-kwalenka, shi ne ubanka." Sauran dattawa suka bi sahu. Na ce uban ne ya hana a kira shi. Alhaji ya ce rufa wa yaron asiri nake yi. Na faɗa sau ɗaya, a hankali, na yi shiru, don ina gudun a ce na yi wa manya musu. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Amma magana zarar bunu ce. Daga unguwannin Bronx har Park Hill, har gida Gaya ta bakin Kwara, sunan Habibu ya koma yaron da ya zaɓi wasa ya bar gawar ubansa. Tun ranar bai sake taka majalisarmu ba.

To, a makon jiya an nuna tseren maza na babbar gasar wasanni ta duniya a talabijin, kuma Habibu yana cikin takwas ɗin da suka tuƙa kwale-kwalen ƙasar nan da muke zaune har zagayen ƙarshe. Ku zo ku ga ikon Allah! Shagon da majalisarmu ke zama, inda aka fi cin namansa, nan aka fi ihu. Mutanen da ba su san gaban jirgin daga bayansa ba suna ta buga tebur suna "Ɗanmu ne! Jininmu ne!" Hotonsa ya cika wayoyi. Yanzu har an fara shirin walima, Alhaji Sale ne zai yi jawabi.

Ɗanku ne yau? Ran da ya durƙusa a gabanku maraya, ɗan wa ne? Da jirgin nan bai kai ko'ina ba, da wa zai tuna da shi? Ba tuba kuka yi ba, kiɗa ne ya canza kuka canza rawa. Na ga abin da ya faru da suka ƙetare layin ƙarshe, ƙirjinsu na hawa da sauka: wanda ke zaune bayan Habibu, Bature, ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa. Na tuna hannun da aka janye a falon Mamman, ƙarƙashin filafilin nan, na rasa inda zan sa fuskata.

Me Mamman zai ce da yana nan? Na san ba zai yi ihu ba. Zai matsa kusa da talabijin yana duba ko filafilin ɗansa na shiga ruwa daidai da na sauran. Ko ya yi daidai da ya hana a kira yaron, wannan ban sani ba har yau. Habibu kansa ya taɓa ce mini da Hausarsa mai gargada, "Kawu, da ka kira ni, da na zo." Na ce na sani, mahaifinsa ma ya sani, shi ya sa ya hana.

Mamman bai bar gida ba, bai bar shago ba, motar ma tuni aka sayar. Ya bar ɗa wanda mutum bakwai za su juya wa hanya baya su dogara da shi. Ban ga gadon da ya fi wannan ba a cikinmu.

Jiya Habibu ya kira ni yana tambaya ko ya je walimar. Na ce ya dakata tukuna. Ga shi na faɗa a jarida, da ƙarfi, abin da na faɗa a hankali shekara bakwai da suka wuce: ubansa ne ya hana, ni ne shaida. Alhaji, ka ajiye jawabin. Gidan hayar da aka yi makokin yana nan inda ka san shi, hawa na huɗu. A gaban jama'a ka janye hannunka, a gaban jama'a za ka miƙa shi.