Ranar da na yabi ɗiyata da bakin aro

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da ajiye tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ba, mu biyu ne kaɗai a gidana na Gaya: ni da ɗiyata ta fari. Mahaifiyarta ta rasu, ƙannenta maza suna Yamai wajen ƙanena. Ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce ita karatun lokotoro, wato likitanci, za ta yi, a wata makaranta can ƙasashen Larabawa. Ta haɗa dosiyen takardunta, abu ɗaya ya rage: takardar shaida daga hannun lokotoron da ya san ta, ya faɗi halinta da aikinta. In wata ya ƙare babu takardar, sai baɗi.

Akwai wanda ya san ta. Shi ya duba mahaifiyarta har ƙarshe, kuma ta yi hutu guda tana taya su aiki a gidan likita. Amma ta ce ba za ta iya tunkararsa ba. "Baba, babba ne. Babba ya kamata ya je."

To, ga inda gizo ke saƙa. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a gaban mutane. Tun da aka haife ta, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Irin wannan aike, aboki ake turawa ko gwaggo. Abokina da zai yi mini, mun binne shi kafin azumi. Ƙanwata tana aure a Kamba, ƙafa ta hana ta tafiya. Na duba hagu da dama, ban ga kowa ba sai ni.

Na sa babbar riga na tafi. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen Damagaram, don can ne garinsu. Ya ce, "Alhaji, me ke tafe da kai?" Na ce gaisuwa ce. Ya dube ni, ya jawo abin awo ya ɗaura mini a hannu, ya ce tansiyo, wato jini, ya ɗan hau, in rage gishiri. Na yi godiya na fito.

Na koma, aka sake awo. Na sake komawa, aka ƙara mini da maganin ciwon baya. Ni da na yi gardama da duwan masu binciken kaya a Kwatano da Faransanci, na yi ciniki a Lome, na yi cacar baki da Yarabawa, ga Dandanci da Zabarmanci kamar ruwa, na kasa haɗa jimla ɗaya a ofishin yaron da na girme wa babansa. Kullum in na dawo tana bakin ƙofa. Ba ta tambaya. Hannuna kawai take kallo.

Na tafi bakin kadarko na zauna ina kallon motoci suna haurawa Malanbil. A ƙasashen gaɓar teku na sha ganin uba ya saɓa ɗiyarsa a wuya, yana kiran sunanta a tsakar kasuwa, yana gaya wa kowa ta zo ta ɗaya. Da can nakan ce rashin ta ido ne. Ran nan na yi musu hassada. Kuma na san abin da takardar nan za ta jawo mini: in ta samu, gidan zai zama ni da tabarma.

Da na koma wajen lokotoron, bai ko taɓa abin awon ba. Ya rufe ƙofa ya ce, "Baba, jininka lafiya lau. Ni ma Bahaushe ne. Takardar ɗiyarka ce, ko?"

Na ce, "Yarinyar nan ce dai take ta surutu."

Ya yi dariya. "Wace yarinya? Yara sun yi yawa a Gaya." Sannan ya daina dariyar. Ya ce hannunta ya gani, yana da kyau, amma makarantar hali take tambaya, shi kuma ba ya rubuta abin da bai sani ba. "Kai ka zauna da ita. Gaya mini wace ce."

Na buɗe baki da Hausa, ya ƙi. Na gwada a zuci da Dandanci, nan ma kunyar tana zaune. Sai na ji kaina na juya Faransanci, harshen da na saba yi wa jandarma bayani da shi, wanda ban taɓa jin kunyar kowa a cikinsa ba. Na faɗi sunanta, cikakke.

Na ce ita ta riƙa juya mahaifiyarta a gado ba tare da ta fama mata gyambo ba. Wari ba ya korar ta. Na ce lokacin da duk mai shigowa ke cewa "da sauƙi", ita ce ta same ni a zaure ta ce, "Baba, babu sauƙi, ka aika wa danginta su zo." Ba don ita ba, da ba su tarar da ita da rai ba. Na ce tana da fushi in an yi mata ƙarya, kuma tuwonta ba na baƙo ba ne.

Ya ce, "Na tuwon ba zan sa ba."

Washegari ya buga wa takardar hatimi ya ba ni. Na miƙa mata, ta karanta a tsaye. Ta ɗaga kai ta ce, "Maganar zaure, wa ya gaya masa?" Na ce lokotoro ne, su sun san komai. Ta ce, "Haka ne, Baba," ta shige ɗaki.

Ranar tafiyarta ban raka ta ba, ba a yi. Na tsaya a shagon mai taya da ke kallon tasha, kamar ina jiran kaya, har motar Dosso ta ɓace.

Yanzu tana aiki nesa, tana duba mutanen da ban san harshensu ba. Ban ce al'adarmu laifi ce ba. An gina ta ne don gida mai cike da mutane, inda abin da uba ya haɗiye, kaka ko gwaggo ko aboki zai faɗa a madadinsa. Ba a shirya ta don mutum ɗaya ba.

In ta kira waya, nakan tambaye ta ko ta ci abinci. In maganar ta yi mini nauyi in juya harshe, sai ta ce, "Baba, yau ma Faransanci?" Mu yi dariya.

In na ajiye wayar, gidan ya koma shiru. Yanzu babu wanda zan ji kunyarsa a ciki. Wani lokaci ina shara ko ina ba tumaki ruwa, sai in kira sunanta da ƙarfi, da Hausa sak, yadda uwarta ke kira. Ya fito sumul, ba gargada. Mai amsawa ce babu.