Dubu Saba'in Ba Ta Rabuwa Gida Tara

Da kakata ta rasu a unguwar Maamobi da ke Accra, ina 'yar shekara goma sha uku, kaina ya kumbura da lissafin makaranta. Ko lambar trotro, motar haya, na gani sai na tsaya na gwada ko za ta rabu uku.

A gidanmu in an yi rasuwa, mata kan taru su yi wa mamaci hailala dubu saba'in, kowa ta ɗauki rabonta a carbi. Ranar sadakar uku gwaggona ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta ƙirga mu, muka tashi mu tara har da ni. Ta ce, "Ke 'yar boko, raba mana."

Ina son lambar nan. Tana rabuwa biyu, biyar, bakwai, goma, har sha shida da ashirin da biyar, ba ta barin komai. Amma da uku ba sa shiri, balle tara. Na buga na sake bugawa: kowa dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai, bakwai kuma ta yi saura. Wannan saura ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Maimakon na ce ni zan ƙara bakwai ɗin, abin da ba zai kai minti ɗaya ba, sai na ɗaga murya na ce, "Gwaggo, ba ta rabuwa. Da mu takwas ne da ta tafi daidai."

Ta tara ɗinmu wata tsohuwa ce mai sayar da koko a bakin lungu, ƙawar kakata tun zuwansu Accra daga arewacin ƙasar. Ba danginmu ba ce, ba ta da kowa a garin, Hausarta ma a kasuwa ta koya. Ba wanda ya dube ta, amma ita ta ji. Ta naɗe carbinta a hannu ta ce, "Ba komi, Hajiya, ku cire ni. Bakina ya tsufa, ba ya sauri."

Gwaggo ta ce ta zauna mana, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Tsohuwar ta riga ta sa takalmi. Ni kuwa har murna na yi: dubu takwas da ɗari bakwai da hamsin, cif!

Bayan haka ta ci gaba da cika mini kwano da koko har da gyara, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma har yau kunya nake ji.

Ina makarantar kwana ta rasu. Da na dawo hutu na tambaya ko an yi mata hailala, gwaggo ta ce, "Wa zai tara mata mutane?"

Na ɗauki carbin kakata na shiga ɗaki. A makaranta an koya mana cewa kowace lamba tana rabuwa da ɗaya.